Bauna a Kan Kwalta

Lahadi, bayan la'asar

Ya ci abinci. Bari in fara da wannan. Baban Suwaiba ya sha kunun acca rabin kofi, ni nake ba shi da cokali, kuma bai zubo ba sai kaɗan ta gefen bakin da ya karkace. Alhamdulillahi. Sista Klaudiya, nas ɗin da ke kula da ɗakinsu, ta ce da ni, "Madam, ki bar kuka mana. Ai ya haɗiye. Wanda ya haɗiye ba mu jin tsoron shi."

Likita ya ce an wuce wurin tsoro. Hannun dama da ƙafar za su biyo baya a hankali idan ana gashi. Magana ce bai yi mini alkawarinta ba. Ya ce in za ta dawo, a makonnin nan na farko take fara leƙowa, in kuma ba ta leƙo ba, sai mu koyi zama haka. Uzairu ne fa, a nan kaɗai nake iya rubuta sunansa, mutumin da nake roƙo ya yi mini shiru in ji labarai a rediyo. Tun ranar da abin ya same shi a gona ko tari mai ƙarfi ban ji ya yi ba.

Ina fitowa maigadin asibiti ya tare ni, wai ko mu ne masu tsohuwar jif ɗin nan da ta tare musu bakin ƙofa. Na duba, ashe Bauna ce, laka har gilashinta. Motar gonarsa ce, can bayan Kuru take kwana a gidan Chuwang, maƙwabcinsa na gona, da ita suke fito da dankali zuwa bakin titi. Chuwang ne ya ɗauko shi a cikinta ranar nan, ya bar makullin a wurin maigadi. Ni duk na manta da ita.

Hutun da aka ba ni a wurin aiki ya ƙare. Bas ɗin ma'aikata ba ya tsayawa a asibiti, ni kuma dole in kawo abinci da safe, in wuce Kuru, in dawo da yamma kafin in koma Anguwan Rogo. Na karɓi makullin. Na iya tuƙi, na koya da ƙaramar motar yayana tun kafin a haifi Suwaiba.

Litinin, da hantsi, a ofis

Na iso. Ban kashe kowa ba, kowa bai kashe ni ba.

Wannan mota ba don kwalta aka yi ta ba. Na sa giya ɗaya, biyu, uku, har ta ƙarshe, na take totur har ƙafata ta taɓa ƙasa, amma tafiya sai ka ce ana jan ta da igiya. Kuka kuwa, mutanen Daɗin Kowa sai da suka fito daga shagunansu su ga abin da ke zuwa. Keke ya wuce ni. Mai kai burodi a kan babur ya wuce ni, har ya waiwayo yana dariya. Sitiyarin kamar tuƙin tuwon gidan biki, in zan sha kwana sai na haɗa da kafaɗa.

Ban yi mamaki ba, don duk lokacin da na taɓa shiga ta a hanyar gona haka take, gurnani da rarrafe. Halinta ke nan. Madam Ngozika, shugabarmu a ofishin makaranta, ta dubi agogo ta dube ni, sai ta tambayi jikin oga kawai. Allah ya saka mata.

Talata, da magariba

Bauna ta tashi da bugu ɗaya. Baban Suwaiba ma ya zauna da matashi a bayansa.

Alhamis, da yamma

Yau na same shi a birkice. Idonsa jawur, yana bugun ƙarfen gado da hannun hagu, yana wani gurnani daga maƙogwaro, yana miƙa hannun gaba yana dawo da shi. Na zata fitsari ne. Na zata sanyi ne, na ja masa bargo, ya ture. Na ba shi ruwa, ya kau da kai. Sista Klaudiya ta auna jininsa ta ce ya ɗan hau, amma ba na tashin hankali ba. Bayan ɗan lokaci ya lafa, ya ci gwaten da na kawo har ya lashe cokali.

Na ji daɗin cin da ya yi. Wancan ɗin ban san me zan ce a kai ba.

Suwaiba ta kira daga Bauci, ita da cikinta da ya tsufa, wai za ta taho. Na ce ta zauna inda take, ba zan iya jinyar mutum biyu ba. Na kara masa wayar a kunne, ta yi ta surutu, shi kuma yana lumshe ido.

Asabar, da hantsi

Babu aiki yau, amma akwai asibiti. Lungunmu bai ɗauki Bauna ba, don haka a gaban shagon tela nake kwanar da ita. Ya ce in bar ta, tun da ta zo babu mai keken da ya ƙara tare masa ƙofa. Matan layinmu kuwa sun samu abin yi. Ummusalma ta leƙo ta katanga tana cewa, "Hajiya direba, yaushe za a kai mu Kano?" Na ce ta shirya guzurin wata guda.

A gidan mai wani makanike ya taso tun kafin in kashe ta. "Hajiya, injin nan wahala yake sha, bari in ɗan duba miki." Na ce a'a. Baban Suwaiba bai taɓa barin wani ya sa hannu a cikin motar nan ba, da kansa yake kwanciya a ƙarƙashinta. Ba zan bari ya tashi ya tarar an yi mata kaca-kaca ba. Mutumin ya so ya ƙara magana, na ja tsaki na tafi. Mai dai tana sha, ba ta san ana tsadarsa ba.

Na rubuta "ya tashi ya tarar". Na bar shi haka, ban goge ba.

Litinin, bayan sallar magariba

Yau Bauna ta rama mini duk dariyar da aka yi mini.

An yi ruwa da ƙanƙara tun azahar. Da muka tashi na rage wa Madam Ngozika hanya, don motarta ta ƙi tashi. Wajen Anguldi ruwa ya haye titi, ƙananan motoci sun yi cirko-cirko, wasu sun mutu a tsakiya, masu su sun naɗe wando suna turi. Direban bas ɗin da kullum yake danna mini ham yana leƙowa yana zagi, yau ga shi tsamo-tsamo a bakin hanya. Na sauka gefen titi, na bi ta cikin jar laka, muka wuce su sumul. Ban ko kalle shi ba. Ƙarya nake, na kalle shi sosai.

Madam Ngozika ta riƙe ƙarfen gaba da hannu biyu tana kiran Yesu. Da muka hau kwalta ta ce, "Hasiya, yanzu ki ƙara gudu mana, ruwa ya ƙare." Na ce iyakar gudun ke nan. Ta ce, "Chineke! Kullum haka kina zuwa aiki?" Da ta sauka sai da ta tura yatsa a kunne tana girgizawa.

Na ba shi labarin duka. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Amma da na shigo, a birkice na sake samun sa.

Laraba, da yamma

Sista Klaudiya ta ja ni gefe. "Madam, kar ki ji haushi. Oga yana lafiya lau tun safe har yamma. Amma da ya ji ƙaran motan ki daga gate, shi ke nan, sai ya fara buga gado. Na lura sau da yawa."

Tagar ɗakinsu tana kallon wurin ajiye motoci, kuma Bauna tun daga babban titi ake jin ta.

To, na gane. Ba ya so in taɓa masa mota. Yana kwance bai iya ɗaga kofi, ni ina ta safa da marwa tsakanin Jos da Kuru, bayana kamar zai rabe biyu, tafin hannuna ya yi kanta, amma abin da ya dame shi wai mace ta hau kujerarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na so in ce masa ya tashi ya karɓi abarsa in ya isa. Amma sai na goge masa baki, na gyara masa matashi.

Daga gobe a bakin titi zan bar ta, wurin masu gasa masara, in ƙarasa da ƙafa. Jininsa ya fi mini zuciyata.

Alhamis

Bai buga gado ba. Alhamdulillahi.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Bai buga gado ba. Ya ci kaɗan.

Asabar, da yamma

Ya juya fuska bango. Mai gashi ta zo ta ɗaga masa hannu ta sauke, ya bar mata shi kamar ba nasa ba. Na yi masa hira, na ba shi labarin tela, na kunna masa muryar Suwaiba. Ko gurnanin nan babu. Likita ya zo zagaye ya tambaye ni ko ya fara ƙoƙarin furta wani abu. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya wuce gado na gaba.

Ina tsoro. Na faɗa.

Lahadi, bayan la'asar

Chuwang ya zo daga coci kai tsaye, da kwat ɗinsa da takalmin roba, ɗauke da dankalin da matarsa Suzana ta aiko. Ya tsaya a kan Baban Suwaiba ya ce, "Alhaji, ka tashi fa. Dankalin ka ya nuna, ni ba zan tona maka kyauta ba." Ko kallonsa bai yi ba. Chuwang ya cire hula ya yi ta murza ta.

A waje ya fara ba ni labarin ranar, yadda ya hango shi a tsakanin kunyoyi, yadda rafi ya cika. Na ce ya bari, ba na so. Ya bari. Sai na tambaye shi ko haka motar nan take a kan titi, don shi ma ya tuƙa ta har nan. Ya ce, "Madam, lafiyan shi ƙalau. Ranan nan gudu na yi kamar jirgi." Chuwang direban tarakta ne, ban san ya taɓa tuƙa wani abu ba bayan ita.

Na faɗa masa zancen bugun gado, da yadda na daina shigowa da motar. Sai ya ce, "To yanzu da ya daina fushi, ya fi?"

Na ce bai fi ba.

"Ni na san Alhaji. In bai yi faɗa ba, ba shi da lafiya. Ki kawo motan, Madam. Ki kawo shi har gindin window."

Sista Klaudiya tana jin mu. Ta ce ita ba ta ji komai ba, amma ranar Talata da yamma ita ce a bakin aiki, kuma babu dokar da ta hana majinyaci shan iska a keken guragu.

Talata, da magariba

Wannan kam sai na rubuta.

Na shigo da ita da duk kukanta, na tsaya daidai tagar. Kafin in kashe na jiyo ƙarfen gado. Wallahi daɗi na ji. Sista Klaudiya ta turo shi a keke, Chuwang yana biye, don ya ce ba za a yi babu shi ba. Na tsaya a gabansa na ce, "Ga ta nan. In faɗa za ka yi, yi." Bai kalle ni ba, ƙofar motar yake nunawa. Chuwang da maigadi suka ɗaga shi suka zaunar a kujerar gaba. Ya bugi kujerar direba da tafin hannu yana kallona, na zagaya na shiga.

Kusa da giya akwai wani ɗan gajeren ƙarfe mai jan kai. Kullum ina ganinsa, a kansa ma nake rataye jakata. Ya fizge jakar ya jefar a ƙasa. Ya kama ƙarfen da hagu yana turawa, ƙarfi bai kai ba. Ya nuna ƙafata, na taka kuloci. Ya sake gwadawa, gumi ya keto masa. Sai ya kamo hannuna ya ɗora a kai, ya ɗora nasa a sama. Bakinsa yana ta motsi, jijiyar wuyansa ta miƙe.

Ya ce, "Tu... ra."

Na tura. Wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashinmu. Ya saki hannuna, ya jingina da kujera, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke buhu.

Chuwang ya dafe kai da hannu biyu. "Kai! Giyan taɓo! Alhaji ya sa shi da safe don rafi, ni ban cire ba. Madam, a giyan taɓo kina zuwa Kuru?"

Ashe tun ranar farko abin da yake ji ke nan. Yana kwance yana jin ana yanka masa mota safe da yamma, hannun nan da yake miƙawa yana dawowa da shi giya yake canza mini, ni kuma ina ja masa bargo. Ba hawa kujerarsa ba ne ya dame shi.

Sista Klaudiya ba ta ko kula da zancen giya ba. Ta leƙo ta taga tana cewa, "Oga, ka sake faɗa! Say it again!" Ya harare ta. Ni dai na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun da aka kawo shi, shi kuma yana bubbuga bayana da hannun hagu, ba a hankali ba.

Laraba, da sassafe, a ofis

Na riga mai shara zuwa.

Ashe mota ce. Na sa giya ta biyu sai na ji ta zabura, na kusa hawa kan mai lemo. Daga Zarmaganda ta miƙe, shiru, sai iska da ƙarar tayoyi. Har yanzu tana jijjiga ni a kowane rami, rufinta yana ɗiga, kuma in tirela ta wuce sai ta yi rangaji. Amma na wuce keke. Na wuce bas ɗin mai zagi, na danna masa ham har sau biyu. A Mararrabar Jama'a na tuna ashe akwai rediyo a ciki, na kunna, yana yi.

Madam Ngozika ta shigo ta same ni ina shan shayi. Ta ce, "Kin kwana a nan ne?" Na ce oga ya yi magana. Ta ajiye jaka ta rungume ni, shayin ya zube mana a zane.

Wancan makaniken na gidan mai, in na gan shi zan gaishe shi da kyau.

Juma'a

Yau ya ce "ruwa". Da "a'a". A'a ɗin ta fi yawa.

Lahadi, da hantsi

Ya ce "Suwaiba" a waya. Sai da ya raba sunan gida uku, amma ya kai ƙarshe. Ta yi ihun da sai da mijinta ya karɓe wayar ya tambaya ko lafiya.

Likita ya ce wannan alama ce mai kyau, sai dai kar in sa rai da yawa. Wasu a kalma ɗai-ɗai suke tsayawa, haɗa su jere shi ne aikin. Na ce na ji. Ko a nan ya tsaya na gode wa Allah. Na faɗi haka a gaban likita, kuma gaskiya ce, amma ba duka ba. Ina so ya yi mini surutu har in ce ya isa.

Laraba, da yamma

Ya taka daga gado zuwa ƙofa da sanda. Ya ƙi a riƙe shi. An ce Asabar za a sallame shi.

Asabar, bayan la'asar, a gida

Yana ɗaki yana barci a kan gadonsa. Gidan cike yake da mata, Ummusalma ta karɓe mini kicin, ni na ɓuya a nan in rubuta kafin a neme ni.

Sallamar ta ɗauki rabin yini. Sista Klaudiya ta raka mu har mota tana jaddada mini magani da ranakun gashi, ta ce da shi, "Oga, ban so in sake ganin ka a nan, sai dai gaisuwa." Ya ɗaga mata hannu. Chuwang ya so ya tuƙa mu, muka ce a'a, ni da baki, shi da sanda. Ya hau baya tare da kwanuka da bargo.

Muka hau babban titi. Rana ta fito bayan ruwan safe, hanya fayau, babu cunkoso. Ni kuma kwanakin nan na saba, ƙafata ta yi nauyi, ga zumuɗin in kai shi gida. Na wuce tifa. Na wuce wata bas. Wajen Daɗin Kowa akwai wani rami da kullum nake kauce masa, yau na gan shi a makare. Bauna ta yi sama ta dawo, kwanuka suka watse, Chuwang ya ce "Jesus!" daga baya.

Sai na ji an kama mini gefen mayafi.

"Hasiya." Ya tsaya ya haɗiyi yawu. Muryar ta yi kauri, tana jan ƙafa, amma tasa ce. "Rage... wuta. Dankali... kika ɗauko?"

Chuwang ya fashe da dariya har yana dukan rufin mota. Ni kuwa hanya ma da ƙyar nake gani saboda hawaye. Na ɗaga ƙafa, muka dawo tafiyar mutunci, ya saki mayafin yana ƙunƙuni, kuma ƙunƙunin ma akwai kalmomi a ciki.

Da muka wuce Zarmaganda na sake takawa kaɗan, don ya ƙara faɗa.